Satar Amsa a Gaban Likita

Na fi shekara ashirin ina shirya 'ya'yan mutane don jarrabawa. Da safe in koyar da lissafi a sakandare, da yamma in tara waɗanda suka faɗi a garejin gidanmu in yi musu lesin. Iyakar abin da na sani a duniya shi ne babu jarrabawar da ba ta da tsofaffin tambayoyi. To da aka ce likita za ta yi wa mahaifina gwajin ƙwaƙwalwa, abin da ya fara faɗo mini ke nan. Ɗa na kirki da kuka zai fara. Ni tambaya na yi: wa ya zauna ta bara?

Baba direban manyan motocin fasinja ne. Har ya yi ritaya bai taɓa goge ko madubin wani ba, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji wannan labari kafin shayinsa ya huce. Abin da ya rage masa na aiki shi ne wata tsohuwar ƙaramar mota ruwan toka, da 'yan biyuna mata da yake kaiwa makaranta kowace safiya. Motar yake fara gogewa kafin fuskarsa. Makullin kuwa a aljihun ƙirjinsa yake zama, ko banɗaki zai shiga.

Wata safiya ya ɗauki yaran, ya wuce makarantarsu, ya tsallaka gada, ya tsaya a ƙofar firamaren da ni na yi ina yaro. Wurin ma yanzu shagon sayar da tayil ne. Ya ja birki, ya zauna yana jiran su sauka. Da suka ƙi, ya yi musu faɗa a kan lalaci. Ɗaya daga cikinsu ce ta ari wayarsa ta kira uwarsu.

Matata ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

"Ba sa ƙara shiga motar nan sai likita ya ce lafiyarsa ƙalau," ta ce. "In kuma aka ce ba ƙalau ba, kai za ka karɓi makullin. Ubanka ne."

Ni kuwa na kusa hamsin, kaina ya yi sanƙo, ina da tumbi da hawan jini, amma har yau Auta Baba yake kirana, kuma har yau in na ji tarinsa a zaure sai na sauke ƙafata daga kan tebur. Ban taɓa ce masa a'a ba. Yayyena suna garuruwa masu nisa, suna aiko da shawara ta waya, kowa da irin tasa. Babu wanda ya ce zai zo ya karɓi makullin.

Muka gaya wa Baba ana yi wa makaranta fenti, an ba da hutu. Yaran suka koma fita ta ƙofar baya, uwarsu tana sa su a tasi. Ni kuma na nufi wurin maƙwabcinmu mai kemis, wanda aka kai surukarsa wannan asibitin bara.

"Ai abin ba wuya," in ji shi, yana ƙirga wa wata mata ƙwayoyi. "Za ta tambaye shi yau wace rana, wane wata, ina muke. Sai ta ba shi kalmomi uku ya riƙe. Lemo, tebur, takalmi. Sai ta ce ya riƙa cire bakwai daga ɗari."

"Shi ke nan?"

"Akwai wani abu kuma, amma na manta."

"Kai ma ka je a duba ka."

"In za ka je, ka biyo mini."

Da yamma bayan ɗalibaina sun watse, na zaunar da Baba a bencin gaba. Na ce masa hukuma ta fito da sabuwar doka, duk direban da ya haura saba'in sai ya yi gwajin baka kafin a sabunta masa lasin. Ya gyara zama, ya ce dama ya daɗe yana cewa a yi haka, don yaran yanzu ba tuƙi suke yi ba, gudun tsira suke yi.

Ban taɓa samun ɗalibi mai himma irinsa ba, ban kuma taɓa samun wanda ya gajiyar da ni kamarsa ba. In ce lemo, tebur, takalmi, ya maimaita. In juya in goge allo, in waiwayo, ya ce, "Wai me muke jira ne?" Amma ni na san aikina. Na taɓa sa yaron da bai iya rubuta sunansa ba ya haddace dokokin lissafi shafi guda. Na mayar da abin waƙa. Da safe mu rera, da rana mu rera, in muna cin abinci mu rera. Kafin ranar asibiti ta zo, Baba yana goge mota yana cewa casa'in da uku, tamanin da shida, saba'in da tara, kamar mai kiran fasinja.

Matata ta ji shi ta taga, ta dube ni.

"Me kake koya masa?"

"Motsa ƙwaƙwalwa ne. An ce yana da amfani."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

Ranar Litinin aka ba mu, saboda haka Litinin na koya masa. Ana gobe aka kira aka ce likitar ta yi tafiya, mu zo Alhamis. Na yi ƙoƙarin gyarawa, amma Litinin ta riga ta kama kamar siminti.

Baba ne ya ja mu zuwa asibitin, ni da shi. Matata ta ce ita za ta biyo mu a tasi, tana son ta rayu ta ga jikokinta. Abin da ya ƙara rikita ni shi ne, tuƙin nan babu abin kushewa a ciki. Yana ba da hannu, yana duba madubi, yana sauya giya ba ka ji ko ɗan ƙara ba. Sau ɗaya kawai ya tambaye ni ina za mu. To sau biyu. Na ce a raina ni ma ai ina yin haka.

Likitar ba ta kai ni shekaru ba, siririya ce mai tabarau, muryarta a kwance. Ta gaishe da Baba da ladabi, ta auna jininsa, ta haska idonsa, ta ce ya bi yatsanta da kallo. Ta ƙwanƙwasa gwiwarsa da 'yar gudumar roba, ƙafar ta yi tsalle. Ta sa shi ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo. Ta tambayi magungunan da yake sha, da yadda yake barci, da ko yana jin baƙin ciki haka kawai.

"Baƙin cikina ɗaya ne, 'yata," ya ce. "Masu babur."

Ta yi dariya, ta jawo takarda. Na gyara zama kamar ni zan zauna jarrabawar.

"Baba, yau wace rana ce?"

"Litinin," ya ce, da ƙarfin gwiwar wanda ya ga tambayar a gida.

Na yi tari. Na ɗaga yatsu huɗu, alamar Alhamis, na kai su goshi kamar ina share gumi. Baba ya dube ni da tausayi, ya ce wa likita, "Ki duba shi shi ma, tun yana yaro ƙirjinsa ba shi da ƙwari."

"Za mu zo kansa," ta ce, ba ta ko kalle ni ba. "Yanzu zan faɗa maka kalmomi uku, ka maimaita, ka riƙe mini su, zan tambaye ka anjima. Fitila, kogi, allura."

Na kusa miƙewa in ce ba su ba ne. A aikinmu in aka yi haka cewa muke an fita daga manhaja. Baba ya maimaita su daidai, fitila, kogi, allura, har da gyaɗa kai.

"To yanzu daga ɗari, ina so ka riƙa cire..."

"Casa'in da uku, tamanin da shida, saba'in da tara, saba'in da biyu, sittin da biyar."

"...uku-uku," ta ƙarasa a hankali.

Matata ta juyo ta zuba mini ido. Ni kuma na sami wani hoton huhu a bango na duƙufa a kansa kamar gobe za a tambaye ni.

"Uku-uku," Baba ya ce. "Ɗari a cire uku." Ya dubi yatsunsa. Mutumin nan ya yi shekaru yana lissafin mai da nisan hanya a ka, yana kama kwandasta in ya yi kuskure. "Casa'in da... casa'in da uku."

"Ba komai, Baba. Ga takarda, ga biro. Zana mini agogon bango, ka sa lambobinsa, ka nuna ƙarfe sha ɗaya da minti goma."

Abin da mai kemis ya manta ke nan. Na yi masa addu'a a zuciyata, ba ta alheri ba.

Baba ya zana da'ira mai kyau, ta fi wadda nake zana wa ɗalibai. Ya tsaya. Ya sa sifili a ƙasa ta hagu, ya hau sama yana rubuta ashirin, arba'in, sittin, tamanin, har ya gangaro dama. Ya ja hannu guda ɗaya ya tsayar da shi a kan tamanin, kamar agogon gudun mota.

"Nan nake tsayawa," ya ce. "Ban taɓa wuce nan da fasinja ba."

"Ka kyauta," likita ta ce, ta ajiye takardar a gefe. Ta sa shi ya lissafo sunayen dabbobi iya yadda zai iya kafin ta ce ya isa. Ya kawo akuya da saniya da kare, ya sake kawo akuya, ya ce duk ya san su don sun sha tare masa hanya. Sannan ta ce, "Kalmomin nan uku da na ba ka ajiya fa?"

Fuskarsa ta washe. "Lemo, tebur, takalmi."

Ya juyo ya dube ni, yana jiran in ce da kyau, kamar yadda nake cewa a gareji. Na ce da kyau. Me zan ce?

Likita ta kira wata nas ta tafi da Baba a ɗebi jininsa. Da ƙofa ta rufe, ta cire tabarau.

"Malam, aikin me kake yi?"

"Koyarwa."

"Na ga alama. Tun yaushe kuke wannan karatun?"

"Ɗan bita ne kawai, ranki ya daɗe."

"Ai ka ga, ni ba maki nake ba shi don ya wuce aji ba. Ina neman in ga abin da yake shiga sabo, ya zauna ko bai zauna ba. Yanzu ka cika mini ɗakin da kayanka, sai na sake wani gwajin daban wata rana, kai kuma kana waje."

"Amma ai ya riƙe nawa. Wannan ba alama ce mai kyau ba?"

"Sau nawa ka maimaita masa?"

Matata ta amsa, "Har ni na haddace, ina kicin."

Daga nan likita ta koma yi mana tambayoyi, ta ce rabin aikinta daga bakin mutanen gida yake fitowa. Yaushe abin ya fara? A hankali ya zo ko dare ɗaya? Yana maimaita tambaya? Yana ɓatar da kaya? Ya taɓa faɗuwa ya bugu a ka? Ni ina cewa tsufa ne, matata tana ba da labari. Ashe ya taɓa sa wayarsa a firij. Ashe ya kira ta da sunan marigayiya mahaifiyata har sau da yawa. Ashe ya kan ci abinci ya dawo ya tambaya yau ba a dafa komai ba ne. Na ce ban san duk wannan ba.

"Kana wurin," matata ta ce. "Kai ne ma ka ciro wayar daga firij."

Haka ne, na tuna. Na ciro ta, na goge, na mayar masa aljihu, na ce sanyi yana ƙara wa batir kwana.

"To likita, ita ce ko ba ita ba ce?" na tambaya. Na kasa kiran sunan cutar.

"Ban sani ba tukun. Akwai abubuwa da yawa da kan kawo mantuwa, wasunsu ana warkewa. Ƙarancin wani bitamin, matsalar ƙoda ko hanta, wani magani da bai karɓe shi ba, ƙari a ƙwaƙwalwa, 'yan ƙananan shanyewar jiki da ba a lura da su ba. Jini da hoton ƙwaƙwalwa za su nuna mana waɗannan. Sai mun kore su ɗaya bayan ɗaya."

"Wato sai kin rasa abin da yake damunsa, sannan ki san abin da yake damunsa?"

"Kusan haka."

A lissafi ma muna da irin wannan hanya, kuma ɗalibai sun tsane ta. Ranar na gane dalili.

Kafin mu fita na ce, "Ranki ya daɗe, kalmomin nan naki, ni ma fitila kawai na tuna."

"Ɗayar ruwa ce mai gudu."

"Kogi."

"Ka gani. Kai da aka taɓa ka ta dawo. Shi ko na taɓa shi ba za ta dawo ba, don ba ta shiga ba tun farko. Ka rage shan shayi, ka yi barci."

Makonnin da suka biyo baya ban taɓa yin irinsu ba. Na zama mutumin da yake roƙon Allah ya sa a sami ubansa da ciwon hanta. Aka sa Baba a cikin wata na'ura mai kama da bututu, ya kwanta ana ta ƙwanƙwasa a kansa, ya fito ya ce injin nan yana bukatar bakanike. Sakamakon jini ya fito ƙalau, komai daidai. Ban taɓa baƙin ciki da sakamako mai kyau ba sai ranar. Fentin makaranta kuwa ya ƙi ƙarewa, Baba har ya fara cewa a kai ɗan kwangilar ƙara.

Da muka koma, likita ta ce in jira a baranda. Na zauna a benci tsakanin wata tsohuwa mai yi wa jakarta magana da wani mutum mai barci, ina jin muryar Baba ta bayan ƙofa, ba na jin abin da yake cewa. Sau da yawa na kori ɗalibi daga ɗakin jarrabawa. Ban san haka barandar take da tsawo ba.

Da aka kira mu, ta kunna hoton a kwamfuta. Ni dai abin da na gani kamar an yanka kabeji biyu. Ta nuna wasu wurare biyu da bakin biro, ta ce nan ne ake karɓar sabon abu kafin a adana shi, kuma sun motse fiye da yadda shekarunsa suka kamata. Babu ƙari, babu alamar shanyewar jiki. Gwajin yau ma ya nuna abin da na farko ya nuna.

"Idan na haɗa labarinku da gwajin da hoton, abin da ya fi ƙarfi shi ne cutar Alzaima, a matakin farko."

"Ya fi ƙarfi? Ba tabbas ba?"

"Akwai wasu gwaje-gwajen na ruwan ƙashin baya da wani hoton na musamman, in muna shakka. A nan ba na shakka sosai. Za mu fara magani, ba ya warkarwa amma yakan taimaka na wani lokaci, mu kuma riƙa duba shi."

Na jira ta faɗi maki. Ba ta faɗa ba. Ta juya wajen Baba, ta yi masa bayani da kansa, a hankali, ba ta ɓoye komai ba. Ya saurara da kyau, yana cewa to, to, madalla.

"Tuƙi fa?" matata ta tambaya.

"Ya tsaya daga yau."

"Amma hannunsa ƙalau yake," na ce. "Shi ya kawo mu."

"Hannun zai daɗe yana tunawa. Ranar da yaro zai faɗo titi a wurin da Baba bai gane ba nake tsoro."

Motar tana ƙarƙashin wata bishiya a bakin asibitin. Matata ta ce za ta karɓo magani, ta bar mu mu biyu, kuma na san da gangan ta yi. Baba ya zagaya ya duba tayoyi kamar kullum, ya sa hannu a aljihun ƙirji.

"Sun sabunta lasin ɗin?" ya ce.

"A'a, Baba."

"Na faɗi ke nan?"

"Ba faɗuwa ba ce. Likita ce, ba hukuma ba. Ta ce ƙwaƙwalwarka ta fara gajiya, ka daina tuƙi." Na miƙa hannu. "Ka ba ni makullin, Baba."

Ya daɗe yana kallon hannun. Na shirya wa tsawa, na shirya wa a tuna mini wanda ya biya kuɗin makarantata. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Dama kwanakin nan hanyoyin suna canja wuri." Ya ciro makullin ya sa mini a tafi. Da ɗuminsa.

Ni na ja mu gida. Motar ta mutu mini sau biyu a danja, Baba yana gefe yana riƙe da ƙofa yana salati, matata a baya tana kallon taga. Amma a raina wani sauƙi nake ji, har da ɗan alfahari. Abin da na fi tsoro a duniya na yi shi, ya wuce, ban mutu ba. Na kira yayyena na ba su labari, na ɗan ƙara gishiri.

Washegari da safe ina ɗaura agogo na ji ana buɗe durowa ana rufewa. Na fito na tarar da Baba a zaure, ya yi wanka ya sa hula, yana lalube aljihunsa ɗaya bayan ɗaya. Motar tana waje tana sheƙi, ya riga ya goge ta.

"Auta, ka ga makullina? Yaran nan za su makara."

Makullin yana aljihun wandona, ina jin sanyinsa a cinya. Na dubi matata a ƙofar kicin, ko za ta ce wani abu. Ta ɗaga kafaɗa. Likita ta gaya mana abubuwa da yawa, amma ba ta ce ko kowace safiya zan sake gaya masa ya faɗi ba, ni kuma ban yi dabarar tambaya ba.

"Yana wurina, Baba."

"Me yake yi a wurinka?"

"Ni zan ja yau. Kai ka zauna a gefe ka duba ni."

Ya kalle ni daga sanƙo har takalmi. "Kai? Wa ya ba ka lasin?"

"Shi ya sa nake so ka duba ni."

Ya yi tsaki, ya ce wa yaran su shiga baya su ɗaura bel da kyau, yau sai addu'a. Uwarsu ta tsaya jim, sannan ta miƙa musu jakunkunansu ta ƙofar gaba. Baba ya zagaya, ya tsaya a ƙofar direba, hannunsa a kan marfin. Na tsaya a bayansa. Ya daɗe a haka. Sannan ya saki, ya zagaya ɗaya gefen ya zauna.

Na sa makulli zan tayar.

"Madubi tukun," ya ce. "Wa ya koya maka mota ne?"

"Kai ne, Baba."

"Ƙarya kake yi."